Yadda Ake Tantance Ire-iren Galaksi a Cikin Babban Gungu: Jagora Daga Gungun Coma

Galaksi, wato tarin biliyoyin taurari da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin jan nauyi ya ɗaure wuri guda, ba kasafai suke zama su kaɗai ba. Wasu suna cikin ƙananan rukunai irin wanda galaksinmu take ciki, wasu kuma sun taru ɗaruruwa ko dubbai a manyan gungu waɗanda nauyinsu yakan kai na rana sau miliyan biliyan ɗaya. Abin da ya daɗe yana jan hankalin masu ilimin sararin samaniya shi ne, galaksin da ke tsakiyar irin wannan gungu sun sha bamban da na waje: yawancinsu jajaye ne, tsofaffin taurari ne suka cika su, kuma sun daina haihuwar sababbi. Mai kwamfuta da intanet zai iya gwada wannan magana da kansa, ko yana Zariya ko yana Damagaram, domin bayanan da ake buƙata a buɗe suke kyauta. Sai dai amsar da zai samu ta dogara kacokan kan galaksin da ya ƙirga a matsayin 'yan gungu da kuma iyakar dushewar da ya tsaya a kai, kuma a kan waɗannan biyu ne jagorar nan za ta fi tsayawa.

Zaɓen gungu

Ga mai farawa, babu gungun da ya fi Coma dacewa. Shi ne mai lamba 1656 a kundin da George Abell ya fitar a 1958, wanda ya ƙunshi gungu 2,712. Nisansa daga gare mu ya kai kimanin megafasek 100, wato shekarun haske miliyan 320 da ɗoriya, tunda megafasek ɗaya daidai yake da shekarun haske miliyan 3.26. An tantance galaksi fiye da 1,000 a cikinsa, kuma a tsakiyarsa akwai ƙatti biyu masu siffar ƙwai, NGC 4874 da NGC 4889. Yana kuma can nesa da faifan galaksinmu a sararin sama, saboda haka ƙurar da ke tsakaninmu da shi kaɗan ce kuma taurarinmu ba sa cika hoton. Gungun Virgo ya fi kusa, kimanin shekarun haske miliyan 54, amma kusancin nasa ne matsalarsa: ya bazu a sama sosai, bai gama haɗuwa wuri guda ba, kuma raba 'yan ciki da na waje a cikinsa aiki ne na wanda ya goge.

Samo bayanai

Shirin Sloan Digital Sky Survey, wanda aka fi sani da SDSS, ya fara aiki a 2000 da madubin hangen nesa mai faɗin mita 2.5 a Apache Point da ke jihar New Mexico ta Amurka. Ya ɗauki hotunan sama ta matatan haske biyar, kowanne yana barin wani ɓangaren launi ya wuce, wato u da g da r da i da z, sannan ya auna bakan hasken galaksi masu yawa, wato yadda haskensu yake rarrabuwa launi-launi kamar bakan gizo. Ka shiga shafinsa na SkyServer, ko ka buɗe asusu a CasJobs idan kana so ka adana sakamakonka, ka nemi duk abin da ke kewaye da matsayi mai digiri 194.95 a RA da +27.98 a Dec (lambobi biyu da ake nuna wuri da su a sama), wanda shi ne tsakiyar Coma. Ka ba da faɗin digiri uku daga tsakiyar. A nisan Coma, digiri ɗaya yana daidai da kimanin megafasek 1.7, don haka wannan da'irar za ta haɗa maka gungun da kuma unguwannin da ke gefensa, waɗanda za ka buƙata domin kwatance.

Daga teburin SpecObj ka ɗauko waɗanda aka rarraba a matsayin galaksi, kuma lambar gargaɗinsu ta zWarning take sifili. Daga teburin PhotoObj ka haɗo musu matsayi, da petroMag na matacin r domin jimillar haske, da modelMag na g da r domin launi, tare da gyaran da ake yi saboda ƙurar galaksinmu. Ka sauke teburin ka buɗe shi da manhajar TOPCAT, wadda kyauta ce kuma an gina ta ne domin irin wannan aiki, ko da Python idan ka iya.

Kafin ka ci gaba, ka rubuta iyakokin bayanan a gefe. A ma'aunin magnitud, yadda lamba take ƙaruwa haka haske yake raguwa, kuma babban samfurin SDSS ya auna bakan haske ne kawai ga galaksin da suka fi magnitud 17.77 haske a matacin r. Idan ka cire 35, wanda shi ne gyaran nisan Coma, za ka ga iyakarka tana wajen −17.2 a magnitud na ainihi, wato hasken galaksi bayan an cire tasirin nisa, ma'ana yawancin ƙananan galaksi ba sa cikin teburinka. Na biyu, ana kai hasken kowace galaksi ga na'ura ta zaren gilashi, kuma ba a iya sa zare biyu a tazarar da ta gaza daƙiƙar kusurwa 55 (daƙiƙa 3,600 ne digiri ɗaya) a faranti guda, don haka a wuri mafi cunkoso ne aka fi tsallake wasu. Na uku, ma'aunin hasken manyan galaksi irin NGC 4889 yakan fito ƙasa da gaskiya, domin manhajar takan ɗauki gefunansu masu dushewa a matsayin hasken sama ta cire. Ka duba NED, rumbun bayanan galaksi na NASA, ka cike giɓin manyan da hannu.

Tantance 'yan gungu

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma a ganina duk wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata sauran aikin tun bai fara ba. Hoton sama ba shi da zurfi. Galaksin da take kusa da mu da wadda take can bayan gungun da nisan ninki goma duk za su iya bayyana kafaɗa da kafaɗa. Abin da yake raba su shi ne gusawar layukan bakan haske zuwa ɓangaren ja, wadda ake rubutawa da harafin z (ba matacin z ba). Gusawar Coma tana wajen 0.023, daidai da gudun kimanin kilomita 6,900 a daƙiƙa.

Ka fara da zana jadawalin yawan galaksi bisa z, daga 0.005 zuwa 0.05. Za ka ga tudu babba a kusa da 0.023. Sai ka lissafa gudun kowace galaksi dangane da gungun: ka cire z na gungu daga z na galaksi, ka ninka da gudun haske, wato kilomita 299,792 a daƙiƙa, ka raba da ɗaya da aka ƙara wa z na gungu. Daga nan ka fitar da matsakaicin gudu da kuma warwatsuwarsa, wato gwargwadon yadda gudun galaksin yake kauce wa matsakaicin, ka cire duk galaksin da ta kauce wa matsakaicin da fiye da ninki uku na warwatsuwar, ka sake lissafin, ka yi ta maimaitawa har a daina samun wadda za a cire. Warwatsuwar da za ta rage maka za ta zo kusa da kilomita 1,000 a daƙiƙa, kuma gudun 'yan gungun dangane da mu zai faɗo tsakanin kimanin kilomita 4,000 da 10,000 a daƙiƙa.

Wannan lamba ta 1,000 tana da tarihi. Irin wannan gudu ne Fritz Zwicky ya gani a Coma a 1933, ya lissafa cewa nauyin taurarin da ake gani ba zai iya riƙe galaksi masu gudu haka ba, sai dai idan akwai wani abu mai nauyi da ba ya ba da haske. A yau an san cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na nauyin babban gungu na wannan ɓoyayyen abu ne, yawancin ragowar kuma iskar gas ce mai tsananin zafi da ta cika tsakanin galaksin, taurari kuwa kaso ne ɗan kaɗan. Daga warwatsuwar gudun za ka iya kimanta iyakar gungun, wadda ake kira R200: ka ninka warwatsuwar da 1.73, ka raba da ninki goma na lambar Hubble, ma'aunin saurin faɗaɗar sararin samaniya, wadda za ka iya ɗauka a matsayin 70. Za ka samu abin da bai wuce megafasek 2.5 ba. Duk nisan da za ka auna daga baya, ka raba shi da wannan lamba, domin da haka ne za ka iya kwatanta Coma da wani gungu.

Gudu shi kaɗai ba ya wadatarwa a gefen gungu. Coma yana zaune ne a cikin wani dogon shinge na galaksi da Margaret Geller da John Huchra suka bayyana a 1989, kuma gungun Abell 1367 yana cikin wannan shingen da gusawa kusan iri ɗaya. Saboda haka galaksin da take nisan digiri uku daga tsakiya za ta iya samun gudu irin na Coma alhali ba ta taɓa shiga cikinsa ba. Maganin wannan shi ne zane na biyu: nisa daga tsakiya a kwance, gudu a tsaye. 'Yan gungu na gaskiya za su yi siffar kakaki, mai faɗi kusa da tsakiya inda gudu yake da yawa, yana tsukewa yayin da ake fita waje. Waɗanda suke can nesa kuma da gudu mai yawa, ka ware su. Ka kuma lura da wani ƙulli a kudu maso yammacin tsakiya, nisan kusan mintin kusurwa 40, wato kashi biyu cikin uku na digiri, kewaye da NGC 4839. Rukuni ne mai zaman kansa da yake cikin haɗuwa da gungun, kuma ya kamata ka sa masa alama ta daban tun yanzu.

Launi

Ka cire magnitud na r daga na g domin samun launi, ka zana shi a tsaye, hasken r kuma a kwance. Abin da zai fara bayyana shi ne wani siririn layi na jajayen galaksi, wajen 0.7 zuwa 0.8 a launi, wanda yake ɗan karkata: manya sun fi ja, ƙanana sun ɗan fi shuɗi. Siririntarsa ita ce labarin. Richard Bower da John Lucey da Richard Ellis sun nuna a 1992 cewa layin nan a Coma da Virgo ya matse ƙwarai, abin da ke nuna cewa yawancin taurarin waɗannan galaksi sun samu ne tun da daɗewa. Karkatarsa kuwa ta fi alaƙa da yawan sinadarai masu nauyi, domin babbar galaksi ta fi iya riƙe gas ɗin da fashewar taurari ta wadata da su.

Ka daidaita miƙaƙƙen layi a kan jajayen, kana cire masu kaucewa kamar yadda ka yi da gudu, sannan ka yanke hukunci: duk wadda ta sauka ƙasa da layin da wani adadi, misali ninki uku na kaurin layin, shuɗiya ce. Ko wane adadi ka zaɓa, ka rubuta shi, kada kuma ka sauya shi daga wani yanki zuwa wani. Ka sani kuma cewa ja ba koyaushe yake nufin tsufa ba. Galaksi mai faifai da muke kallo ta gefe, ƙurarta takan rina haskenta ja ko da tana haihuwar taurari.

Siffa da bakan haske

Domin kama irin waɗannan ne ake komawa ga hotuna. Ka buɗe hotunan 'yan gungun a SkyServer ko a manhajar Aladin, ka raba su gida uku: masu siffar ƙwai marasa faifai, masu faifai da hannuwa a murɗe, da masu faifai sumul marar hannu, waɗanda ake wa laƙabi da S0. Raba masu ƙwai da S0 yana da wuya idan faifan yana fuskantarmu, don haka idan ka yi shakka ka haɗa su aji ɗaya. Za ka iya gwada hukuncinka da na shirin Galaxy Zoo, wanda tun 2007 jama'a suke rarraba hotunan SDSS a cikinsa.

A bakan haske, layin haidirojin na H-alfa, wanda asalin tsawon zangonsa angistrom 6,563 ne amma a Coma yake gusawa zuwa wajen 6,715, idan ya fito a matsayin tsini yana nuna gas mai zafi, galibi saboda sababbin taurari. Akwai aji na musamman da Alan Dressler da James Gunn suka ja hankali a kansa a 1983: galaksin da ba su da wannan tsini amma layukan haidirojin ɗinsu na tsotsar haske suna da zurfi, alamar cewa haihuwar taurari ta tsaya musu kwatsam cikin kimanin shekaru biliyan ɗaya da suka wuce. Waɗannan su ne shaidu mafi daraja, domin an same su jim kaɗan bayan abin ya faru. Amma zaren SDSS faɗinsa daƙiƙar kusurwa 3 ne kawai, wato kimanin kilofasek 1.4 a Coma (kilofasek dubu ne megafasek ɗaya), don haka cibiyar galaksi kaɗai yake gani, ba gefen faifanta ba.

Ƙirga bisa nisa

Yanzu ka raba gungun zobe-zobe daga tsakiya zuwa waje, ka lissafa kason shuɗaye da kason masu hannuwa a kowane zobe. Ya fi kyau kowane zobe ya ƙunshi adadin galaksi kusan ɗaya, maimakon faɗi ɗaya. Kowane kaso yana buƙatar gejin kuskurensa: idan 10 cikin 40 shuɗaye ne, kason shi ne 0.25, kuskurensa kuma kimanin 0.07, wanda ake samu ta ninka 0.25 da 0.75, a raba da 40, a ɗauki tushen murabba'i. Bambancin da bai wuce wannan geji ba, kada ka gina magana a kansa.

Abin da za ka gani shi ne abin da Dressler ya tabbatar a 1980 bayan ya nazarci gungu 55: yadda cunkoso yake ƙaruwa, haka masu hannuwa suke raguwa, masu ƙwai da S0 suna ƙaruwa. A nan ne kuma tarko mafi girma yake. Manyan galaksi sun fi zama jajaye a ko'ina suke, cikin gungu ko waje, kuma tsakiyar gungu ta fi tara manya. Idan ba ka raba samfurinka gida biyu ko uku bisa haske ba, ka maimaita ƙirgar a kowane gida, ba za ka san ko muhalli kake aunawa ko nauyi ba. Binciken da Yingjie Peng da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa tasirin biyun ana iya raba su, kuma a matsakaita da ƙananan galaksi ne tasirin muhalli ya fi fitowa fili. Ina ganin sakamakon da bai bi ta wannan rabon ba bai kai a kira shi sakamako ba.

Fassara abin da aka gani

Hanyoyi da dama ne suke iya tsayar da haihuwar taurari, kuma kowace tana barin sawu daban. Gas ɗin da ke tsakanin galaksin Coma zafinsa ya kusa digiri miliyan 100, shi ya sa yake fitar da hasken X. Gunn da Richard Gott sun nuna a 1972 cewa galaksin da ta kutsa cikinsa da gudun kilomita dubu ko fiye a daƙiƙa za ta gamu da matsi mai ƙaruwa da kaurin gas ɗin da kuma murabba'in gudunta, wanda zai iya kwashe mata gas ɗinta ya bar taurarinta a inda suke, kamar yadda iska take ɗauke ƙaiƙayi a wurin sheƙa ta bar tsaba. Sawun wannan shi ne wutsiyar gas mai nuni zuwa bayan galaksin, kuma a Coma galaksi D100 tana jan wutsiya mai tsawon kimanin shekarun haske 200,000. Hanya ta biyu, wadda Richard Larson da Beatrice Tinsley da Nelson Caldwell suka gabatar a 1980, ta fi tafiya a hankali: a raba galaksi da rumbun gas da ke kewaye da ita, ta ci gaba da cin abin da ya rage mata har ya ƙare cikin biliyoyin shekaru. NGC 4921, mai hannuwa dusu-dusu marasa sababbin taurari da yawa, misali ce ta galaksin da gas ɗinta ya yi ƙaranci tana riƙe da siffarta. Ta uku ita ce fizgar da galaksi suke yi wa juna yayin da suke giftawa da gudu, wadda Ben Moore da abokansa suka bayyana a 1996, kuma ta fi illa ga ƙananan faifai. Haɗewar galaksi biyu kuwa ba ta da yawa a cikin gungu saboda gudun ya yi yawa, in ban da ƙattan tsakiya da suke haɗiye waɗanda suka nutso gare su.

Ka koma zanen kakaki ka rina ɗigon bisa aji. Waɗanda suka daɗe a gungu sukan taru kusa da tsakiya da gudu kaɗan, sababbin shigowa kuma sukan fito da gudu mai yawa ko a gefe. Ka duba inda shuɗaye da waɗanda haihuwarsu ta tsaya kwanan nan suka faɗo, ka kuma duba rukunin NGC 4839 shi kaɗai, domin wasu galaksi sukan rasa gas ɗinsu tun suna cikin ƙaramin rukuni kafin su iso babban gungu. Haka kuma jar galaksi da ke wajen R200 tana iya kasancewa ta riga ta ratsa tsakiya ta fito ta ɗaya gefen.

Abin da ke ƙasa da iyaka, da gungu masu nisa

A rahotonka ka bayyana cewa ƙirgarka ta tsaya a −17.2, domin ƙasa da nan akwai galaksi masu yawa. A 2015 Pieter van Dokkum da tawagarsa, da na'urar Dragonfly, sun gano galaksi 47 a Coma masu faɗi sosai amma masu dushewa ƙwarai, kuma a shekarar ce hotunan madubin Subaru suka fito da fiye da 800 irinsu.

Idan ka so ka kwatanta Coma da gungu mai nisa, kana duba baya ne a zamani. Harvey Butcher da Augustus Oemler sun ruwaito a 1978 cewa gungu biyu masu gusawa wajen 0.4, Cl 0024+1654 da na 3C 295, waɗanda haskensu ya baro su fiye da shekaru biliyan huɗu da suka wuce, sun fi na kusa yawan shuɗayen galaksi. Kafin ka maimaita irin wannan kwatance, dole ne iyakar haske ta ainihi ta zama ɗaya a gungun biyu, a auna kason cikin yanki ɗaya na R200, kuma a gyara launin saboda gusawa, tunda matacin r a gungu mai nisa yana kama hasken da ya baro galaksin yana mafi shuɗi. Inda babu bakan haske ga yawancin galaksin, sai ka ƙirga galaksi a wani fili mai faɗi ɗaya nesa da gungun, ka cire adadinsu daga na gungun a kowane gida na haske da launi, kuma ka yi hakan da filaye da yawa domin ka san yadda adadin yake sauyawa daga fili zuwa fili.